A koya wa yara gaisuwar Japan da kunnen Hausa

Yaranmu sun fara tsintar gaisuwar Japananci a fina-finan zane irin su Naruto da wuraren koyon judo da karate. Wasu iyaye na ganin ɓata lokaci ne. Ni a ganina dama ce, in dai ba a bi da su ta ƙa'idar karatun Faransanci ba.

Ku dubi konnichiwa, gaisuwar rana. Ɗan lakkol da ya saba da Faransanci zai karanta "konishiwa". Mutumin Japan kuwa "konniciwa" yake faɗi: "ci" irin na cin tuwo, kuma yana tsayawa a kan n ɗin kamar yadda muke tsayawa a sannu. Wasulansu biyar ne, a, i, u, e, o, kusan irin namu. R ɗin arigatō, wato na gode, da kan harshe ake taɓa shi sau ɗaya, ba daga maƙogwaro ba.

Tsawon wasali ma yana canza musu ma'ana. Obasan inna ce ko gwaggo, obāsan da aka ja ita ce kaka. Yaron da ya san bambancin garin da ake zama da garin tuwo ba sai an yi masa dogon bayani ba. Haka hawa da saukar murya: hashi na iya zama gada ko tsinken cin abinci, kamar kukan jariri da kukar miya.

Akwai abin da sai kunne ya kama. A ohayō gozaimasu, gaisuwar safe, u na ƙarshe kusan ba a jin sa, "gozaimas" ke fita. Saboda haka a fara sa yaro ya saurari ƴan ƙasar kafin a nuna masa rubutu.

Ladabin ma mun san shi. Ohayō kaɗai ta aboki ce, malami da babba sai an ƙara gozaimasu an sunkuyar da kai. Abokai kan rabu da mata ne, wato sai an jima, ba kasafai suke cewa sayōnara ba.

Malamai ƴan uwana, mun daɗe muna ɗaukar Hausa tamkar cikas a aji, har ana hukunta yaro don ya yi ta. Ga shi harshen wata ƙasa mai nisa ya fi zama daidai a bakin wanda ya riƙe ta. In ɗalibi ya zo muku da gaisuwar Japan, ku sa shi ya nemo takwaran kowane sauti a Hausa. Minti 5 sun isa.