Azzalumin Attajirin Fim da Masarar Manomin Gwarzo

A tatsuniyoyinmu da finafinan Kannywood akwai wani mutum da kowa ya sani: Alhaji mai tumbi da babbar riga, wanda ya cika sito da hatsi yana jiran yunwa ta kawo masa riba, ƙarshe kuma asirinsa ya tonu. Masu kallo sukan tashi da sanyin zuciya. Illar wannan hoto ita ce ya koya mana neman mugu guda mai fuska, alhali cutar da ke cin manomin Getso da ke Gwarzo ko na Garo da ke Kabo ba ta zaune a sito ɗaya.

A Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai maƙura bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimin Gado, ta garƙame wasu manyan rumbunan ajiya a kasuwar hatsi ta Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Jama'a suka yi ta tafi, ba da jimawa ba aka buɗe su. Amma manomin Kabo tun kafin nan aka gama da shi. Da damina ta faɗi ba shi da kuɗin taki, sai ya karɓi bashi a hannun ɗan kasuwa ko dillalinsa, da sharaɗin zai biya da buhuna idan kaka ta yi, lokacin da masara da dawa suke arha kamar banza. Ga bikin 'ya, ga kuɗin makaranta, ragowar ma ya sayar. Kafin wata damina ya koma kasuwa yana auna da kwano abin da ya bayar da buhu.

Za a ce ai ajiya ba laifi ba ce, kuma gaskiya ne. Annabi Yusuf hatsi ya tara har Masar ta tsira, malaman fikihu ma ɓoyon da ke cutar da jama'a suka haramta. Mai ajiya yana kasada: bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da hatsi a 2024, farashi ya karye a 2025, da yawa sun tafka asara. Sai dai ɗan kasuwa da ƙafarsa ya shiga wannan caca, shi kuwa manomi talauci ne ya ja shi ciki, kuma ko farashi ya hau ko ya sauka, buhunan bashi na nan sai ya cika su.

Don haka ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, in da gaske suke, su kai taki kafin ruwan farko, ba a watan Agusta ba, su kuma tallafa wa ƙungiyoyin manoma da rumbun haɗin gwiwa inda mutum zai ajiye amfaninsa a ba shi rance a kai, ya sayar sa'ad da ya ga dama.