Ba kowane jini a fitsari ne tsargiya ba

Wannan makon na ajiye maganar kasuwa, saboda wani abu da ya tsaya mini a rai.

Akwai wani yaro da ya yi mini shekara huɗu a shago a nan Kumasi, ɗan maƙwabcina a zango. Shekararsa 23, ƙaƙƙarfa, shi ke sauke mana kaya daga mota. Wata rana ya ja ni gefe, cikin kunya ya ce, "Baba Alhaji, jini nake gani a fitsari." Na ce masa, "Haba ɗana, tsargiya ce, wanne cikinmu bai yi ta ba lokacin da muke wanka a kududdufi?" Na ba shi kuɗin magani. Aka sha na kemis, aka sha jiƙo. Jinin ya ɗauke, ya dawo, kwiɓinsa na dama ya fara ciwo, yaro ya rame. Wata biyar muka ɓata kafin a yi masa hoton ciki a babban asibiti. Likita ya ce daji ne a ƙoda, kuma ya riga ya kai huhu. Bai ga azumin da ya biyo baya ba. Allah ya jiƙansa.

Daga baya na zauna na yi ta tambaya da karatu. Wannan dajin yana tsirowa ne a can tsakiyar ƙoda, kuma sai a 1995 wasu likitoci a Amurka suka bayyana shi a matsayin cuta mai zaman kanta. Kusan duk wanda ya kama mai jinin AS ne, wato mai ɗauke da sikila amma ba ya rashin lafiyarta. Dalili kuwa, tsakiyar ƙoda wuri ne mai ƙarancin iskar da jini ke ɗauka, ga gishiri, sai ƙwayoyin jinin mai AS su lanƙwashe kamar lauje a wurin, su yi ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ya fi kama matasa maza, ya fi zama a ƙodar dama, kuma yana saurin yaɗuwa.

Kada hankali ya tashi. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma mafi yawansu har su tsufa ba za su ji ko labarin wannan ciwo ba. Jini a fitsari sau da yawa tsargiyar ce, ko tsakuwar ƙoda, ko ciwon sanyi. To amma ido ba ya bambance su, sai gwaji.

Roƙona ke nan. Mu san jinin 'ya'yanmu tun suna ƙanana, kar mu bari sai an zo maganar aure. Idan matashi ya ga jini a fitsari, a kai shi asibiti a gwada fitsarin. In AS ne, a faɗa wa likita da baki, a nemi hoton ƙoda, musamman in akwai ciwon kwiɓi ko rama, ko an sha maganin tsargiya jinin bai tsaya ba. Mu da ke ƙasar wasu, mun saba cewa "sai mun koma gida". Wannan ciwon ba ya jiran tafiya gida.

Kuma iyayen gida, yaran shagonmu amana ne. Wanda ya iya faɗa maka irin wannan magana ya ɗauke ka uba. Ni na ba da kuɗin kemis, alhali kuɗin mota zuwa asibiti ya kamata in bayar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.