Famfo Mai Ɗiga

Ruwan famfo da wahala yake isowa gida. A Kano, alal misali, sai an jawo shi daga kogi, an tace shi a Challawa ko Tamburawa, sa'an nan a tura shi cikin gari da injuna. Duk wannan aiki kuɗi yake ci. Saboda haka bai kamata maigida ya ga famfon makewayinsa yana ɗiga ya kau da kai ba.

Wani zai ce, ɗigo ɗaya me zai rage? To, famfon da yake ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yakan zubar da wajen lita 11,000 a shekara. Wannan ya fi jarka 400 irin ta 'yan garuwa, alhali maƙwabta suna sayen ruwa da kuɗinsu. Sau da yawa kuwa wata 'yar roba ce ta cinye a cikin famfon, da an sake ta shi ke nan.

Masai mai ruwa shi ma yana da tasa ɓarnar. Tsohon yayi yakan kwarara lita 13 ko fiye a ja ɗaya. A Amurka an kafa doka a 1992, cewa sabon masai kada ya wuce lita 6, kuma yana wanke ƙazanta sarai. Ya kamata mai gina gida ya tambayi yawan ruwan da tankin yake ci tukuna, kafin ya dubi kyan farinsa.