Mai ƙarfi ma yana faɗuwa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a garuruwanmu idan aka ce wane ƙaƙƙarfa ne, ana nufin yana saɓa buhun hatsi mai kilo 100, ko yana wuni riƙe da hauya bai gaji ba. A birane kuma, kamar Yamai da Maraɗi da Damagaram, samari sun ƙera nasu abin ɗagawa: gwangwani biyu cike da siminti, da sandar ƙarfe a tsakani. Kowace safiya suna ɗagawa domin damtse ya cika. Ba mu ƙi wannan ba, ya fi zaman banza. Amma a ganinmu an bar rabin aikin, wato koya wa jiki ya tsaya daram bisa ƙafafunsa.

Ƴan kokowa sun riga mu sanin haka. Tun 1975 da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, duk mai zuwa kallo ya sha ganin ƙato ya sha ƙasa a hannun wanda bai kai shi jiki ba. A fili ba a tambayar nauyin da mutum yake ɗagawa. Wanda aka ture bai tangaɗa ba, aka ɗaga masa ƙafa ɗaya ya tsaya da ɗayar, shi ne yake komawa gida da ganga.

Abubuwa uku ne suke tsayar da mutum: ido, da wani wuri a can cikin kunne mai gane karkatar kai, da jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi masu jin yadda ƙasa take. Su ne suke kai labari ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci naman idon sawu da cinya da ƙugu da baya su gyara tsayuwa kafin ƙiftawar ido. Idan shekaru suka ja, wannan saƙo yakan yi nawa, naman ƙafa kuma ya ragu. Sai ɗan tuntuɓe ya zama karaya. Abin farin ciki shi ne ana iya horar da wannan saƙo, ko da mutum ya haura shekara 70.

Wani zai ce: manomin da yake aiki tun asuba, me zai yi da motsa jiki? Tambayar tana da kyau. To amma noma aiki ne iri ɗaya, a duƙe, ƙafa biyu a ƙasa. Yana ƙarfafa baya da hannu, ba ya koyar da tsayuwa bisa ƙafa ɗaya. Alhali kuwa inda ake jin rauni shi ne wurin hawa rumbu da dame a ka, wurin saukowa daga amalanke, da bakin rijiya mai santsi inda mata suke jan wasaki. Ga kuma watannin rani da yawancin dattawa suke yi a zaune bisa tabarma.

Mu duba asarar. Ƙashin ƙafar babban mutum yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya haɗe, wani lokaci fiye. Daminarmu ma kusan tsawonta ke nan. Maigidan da ya karye lokacin shuka, sai dai ya ji labarin girbi. Ga kuɗin maɗori ko na asibiti, ga na ƴan ƙwadago, wata sa'a har a sayar da akuya ko gona. Tsoho kuwa idan ya karye a ƙugu, doguwar kwanciya takan jawo masa gyambo da ciwon huhu, da yawa ba sa sake tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum kusan dubu 684 ne suke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa wadata da masu matsakaicin hali, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 sun fi yawa a ciki. Tun 2020 hukumar ta ba da shawara ga masu shekara 65 zuwa sama su riƙa haɗa horon ƙarfi da na tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Binciken likitoci ya nuna irin wannan horo yana rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

A nan muna da laifi mu ƴaƴa. Da zarar uba ya yi furfura sai mu ce: «Baba, zauna ka huta.» Inna ta miƙe za ta ɗauko buta, sai jika ya riga ta. Ladabi ne, amma ladabin da ya hana tsoho motsi yana cinye masa ƙafa. A ɗauke musu kaya mai nauyi, a bar musu tafiya masallaci da kasuwa da zagayen gona.

Horon ba ya buƙatar ko dala. Mutum ya tsaya kusa da bango ko itace, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ƙirga 10, ya sauya. Idan ya saba ya kai 30. Ya ja layi a rairayi, ya bi shi taku 20, diddige na taɓa yatsun ɗayar ƙafar. Ya zauna bisa kujera ya tashi sau 10 ba tare da dafa gwiwa ba. Wannan na ƙarshe shi ne muka fi so, domin yana haɗa ƙarfin cinya da tsayuwa a lokaci guda. Samari masu ɗaga siminti su ƙara da ɗaukar bokitin ruwa a hannu ɗaya suna tafiya ba su karkace ba, su kuma koma ga langa, wadda suke rainawa wai wasan yara ce. Uwayenmu mata da suke tafiya da tulu bisa gammo sun daɗe suna wannan horo, sai dai nauyin kada ya wuce kima, saboda wuya.

Wanda yake jin jiri idan ya miƙe, ko ƙafarsa take mutuwa saboda ciwon sukari, ko yana ta rufe masa ido, ya fara zuwa gidan likita. Maganin hawan jini ma yakan sa jiri, sai a faɗa wa likita, kada a daina sha da kai.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su ware minti biyar kafin a buɗe littafi, ɗalibai maza da mata su jeru a jikin zana ko bango, malam yana ƙirgawa da ƙarfi daga 1 zuwa 30. Masu koyon lissafi ma sun samu darasi a ciki.