Wa aka haifa da ƙwarewa?

Duk mai duba sanarwar ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan ya saba da wannan sharaɗi: ana neman mai lisans ko masta a fannin kimiyya, amma sai wanda ya yi shekara 2 ko 3 yana aikin bincike. Ko da aikin bai wuce auna tsayin hatsi a gonar gwaji ko jera kwalabe a labo ba, sai an liƙa shi. Ni a wurina wannan zalunci ne, kuma mu malamai da iyaye mun daɗe muna yi masa shiru.

Tun 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, ban da ta Abdou Moumouni da ke Yamai. Kowace shekara suna yaye yaran da suka karanci ilimin halittu, sinadarai da noma. Yaro ya ci bak, an sayar da tunkiya da buhun wake an yi masa ɗawainiya, ya fito da takardarsa, sannan a ce ba a ɗaukar wanda bai taɓa yi ba. To a ina zai fara?

Za a ce ya nemi staj. Madalla. Amma staj ɗin da ba a ba yaro ko dala, wa zai iya shi? Wata 6 a Yamai, ga haya, ga abinci, ga kuɗin mota. Ɗan mai hali zai jure, mai uwa a gindin murhu kuma ko nema ba zai yi ba, kiransa za a yi. Ɗan manomi daga Mayahi ko Tanut sai ya haƙura ya kama kwantiragin koyarwa, ko ya hau kabu-kabu. Ashe aljihun uba ake aunawa da wannan sharaɗi.

Masu ɗaukar aiki suna da hujja: kayan labo na da tsada, kuɗin furoje na da wa'adi, babu lokacin koya wa sabon shiga. Na ji. Sai dai kowane babban mai bincike da ke kan kujera yau, akwai ranar da wani ya miƙa masa makullin labo alhali bai san komai ba. Wanda aka buɗe wa ƙofa bai kamata ya rufe ta bayan ya shige ba.

Kuma aikin yana nan jibge. Ga tashar INRAN ta Tarna a Maraɗi, ga ICRISAT a Sadore, ga AGRHYMET da CERMES a Yamai. Ƙidayar tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, auna ruwan sama, bin ƙauyuka ana duba waken da aka adana a buhun PICS: duk aiki ne mai bukatar hannaye da yawa da wanda ke jin harshen manomi. Yaranmu suna da wannan tun daga gida.

Don haka ina kira ga cibiyoyin bincike da ƙungiyoyi su ware guraben sababbin shiga kowace damina, da ɗan kuɗin abinci da makwanci, kuma a sanar a fili kowa ya nema. A ƙirga aikin kundin kammala karatu da na hidimar ƙasa cikin ƙwarewa.

Malamai ƴan'uwana, mu ma da namu. Kimiyyar da ta tsaya kan allo ba ta sa yaro ya iya riƙe ma'auni. Gwangwani da rula sun isa ɗan lise ya auna ruwan damina guda ya rubuta a littafi, kuma wannan bincike ne. Wanda ya san wani a wata cibiya ya rubuta wa ɗalibinsa mai ƙwazo takardar shaida, ko da bai san ubansa ba.

Iyaye kuma, a taron ƙungiyar iyayen yara ku tambaya sau nawa aka shiga labo a bana. Idan an ce babu kaya, ku tambayi wanda alhakin kawo su ke wuyansa.