Ɗakin Majinyaci Ya Fi Ɗakin Karatu Buƙatar Shiru

Ya kai mai karatu, duk wanda ya shiga Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke birnin Kano yakan sassauta murya tun daga bakin ƙofa. Wasu na ganin wannan ƙa'ida ta tsufa, wai gara a mai da ɗakunan karatu wuraren tattaunawa. A ganina shirun ya dace, domin wanda ya duƙufa a kan littafi yana da haƙƙi a kan na kusa da shi. Sai dai akwai wanda haƙƙinsa ya fi wannan nauyi, shi ne mara lafiyar da ke kwance.

Dubi yadda muke dubiya a Ƙaraye da Rogo. Da zarar an kwantar da mutum a babban asibitin garin, sai dangi su cika mota daga Zarewa ko Fulatan, daga Yammedi ko Turawa, su kewaye gado. Kowa sai ya gaisa, kowa sai ya ji yadda ciwon ya faro, wayoyi na ta ƙara, ana miƙa wa majinyaci ya amsa gaisuwar waɗanda ba su samu zuwa ba. Niyyar kyakkyawa ce, amma wanda aka zo dominsa shi ke ɗaukar wahalar, tare da na gadon da ke gefensa.

A shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara a ɗakin kwantar da marasa lafiya ta wuce ma'aunin desibel 30, wato kwatankwacin raɗa. Hirar yau da kullum kuwa takan kai wajen 60. Hayaniya na katse barci, tana ƙara bugun zuciya, tana ɗaga hawan jini, alhali a cikin barci ne jiki ke gyara abin da ciwo ya ɓata. Mai sanƙarau ƙara da haske na tsananta masa ciwon kai. Mai tsinkau-tsinkau, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, ƙara ɗaya ta bazata na iya tayar masa da jijjiga. Mai jego da ta kwana tana naƙuda, barcin rana ne kaɗai ya rage mata.

Za ka ce dubiya ibada ce kuma zumunci ne, kuma kaɗaici ma na karya zuciyar majinyaci. Gaskiyarka. Ba a ce ka daina zuwa ba. Amma malamai sun daɗe suna koyar da cewa taƙaita zama yana cikin ladubban dubiya, sai fa idan mara lafiyar ne da kansa ya nemi ka ƙara zama.

Saboda haka, idan kun zo da yawa, ku riƙa shiga bibbiyu. Ka gaishe shi, ka yi masa addu'a, ka fito. Tambayar yadda aka kwana da abin da likita ya ce, mai jinya za ka yi wa a waje. Ka kashe ƙarar wayarka kafin ka shiga. Idan ka tarar yana barci, kada ka tashe shi don ya san ka zo. Saƙonka zai isa gare shi.

Idan a gida ake jinya, a zaɓa masa ɗakin da ya fi nesa da tsakar gida, a rage rediyo, a kau da janareta daga jikin taga, domin ban da ƙara, hayaƙinsa ma guba ne. Bayan sallar isha'i a rufe ƙofar dubiya har gari ya waye.

Wannan magani ne da ba a saye da kuɗi, kuma kowane gida na da ikon bayar da shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.