Iyayen Bagadaza, mu riƙa karɓar hadda a boko ma

Da yawanmu in mun ga yaro ya share awa uku gaban littafi bayan Isha'i, sai hankalinmu ya kwanta, alhali wani ido kawai ya zuba. Malamin Islamiyya ba ya yarda da hadda sai ya saurara da kunnensa. Me ya hana mu yi haka da boko? Karɓi littafin, ka ce ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa. Ko ba ka yi boko ba, za ka gane mai kame-kame.

JAMB tambayoyi 180 ce cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya. Mai neman Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere ya riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo, wayarsa tana hannun mahaifiyarsa.